Matsalolin Musayar Fayil Tsakanin Kwamfutocin Gida da Hanyar Gano Musabbabinsu

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi bayani a kan wata matsala wadda takan addabi duk wanda ya tara kwamfuta fiye da ɗaya a gidansa. Matsalar kuwa ita ce, kwamfutoci biyu su kasance a ɗaki guda, suna shan intanet daga rauta guda, amma ɗaya ta kasa buɗe fayil ɗin da ke cikin 'yar'uwarta. Da yawa daga cikin mahalarta wannan taro sun san abin da ake nufi, domin malami yakan ajiye kundayen ɗalibansa da rubuce-rubucensa na shekaru a babbar kwamfutar tebur, sa'an nan ya so ya ɗauko su daga ƙaramar da yake yawo da ita.

Abin da ya sa batun ya cancanci a tattauna shi a zauren ilmi shi ne, maganin da mutane suka fi gaggawar yi yakan fi cutar illa. Wanda ya gaji da gwaji yakan kashe katangar tsaron kwamfutarsa ɗungum, ko ya cire kalmar sirri, ko ya farfaɗo da tsohuwar ƙa'idar da aka yi watsi da ita saboda hatsarinta. Fayil ya buɗe, amma an bar gida ba ƙyaure. Saboda haka za a nuna a nan cewa musayar fayil matakai ce da ke hawa kan juna, kuma wanda ya bi su daga ƙasa zuwa sama zai gano inda gizo yake saƙar ba tare da ya rushe tsaronsa ba.

2.0 Ƙa'idar da Kwamfutoci ke Magana da Ita

Kafin a shiga gyara, ya kamata a san abin da ake gyarawa. A duk lokacin da aka yi musayar fayil akwai ɓangarori biyu: kwamfutar da ke riƙe da fayil, wadda za mu kira mai masauki, da wadda ke neman sa, wadda za mu kira baƙuwa. Su biyun suna magana da wata ƙa'ida da aka san ta da haruffan SMB. Barry Feigenbaum ne ya fara tsara ta a kamfanin IBM a shekarar 1983, daga baya kamfanin Microsoft ya ɗauke ta ya faɗaɗa ta, har a 1996 ya laƙaba wa wani nau'inta sunan CIFS. A 1992 Andrew Tridgell, yana ɗalibi a Kanbera ta ƙasar Ostareliya, ya fitar da manhajar da ta zama Samba, wadda ta ba kwamfutocin Unix da Linux damar shiga wannan zance. Kamfanin Apple ma, wanda ya daɗe yana amfani da tasa ƙa'idar mai suna AFP, ya koma ga SMB a matsayin zaɓin farko a 2013.

Ƙa'idar ba ta tsaya a siffa guda ba. SMB ta biyu ta zo tare da Windows Vista a 2006, ta uku ta zo da Windows 8 a 2012 ɗauke da ikon ɓadda saƙo yadda mai saurare a hanya ba zai karanta shi ba, kana nau'in 3.1.1 ya biyo baya da Windows 10 a 2015. Idan kwamfutoci biyu suka haɗu, abin da suke fara yi shi ne su daidaita a kan nau'i mafi sabunta wanda dukansu suka iya. In babu wanda suka yi tarayya a kai, zance ya mutu tun daga sallama. Za mu koma ga wannan a gaba.

3.0 Matakan Bincike

3.1 Hanya

Matakin farko shi ne a tabbatar akwai hanya tsakanin na'urorin biyu. Samun intanet a kowacce ba hujja ba ce, domin mai yiwuwa ne kowacce ta fita waje amma an toshe tsakaninsu. Rautoci da yawa suna da wata hanyar Wi-Fi ta musamman domin baƙi, wadda da gangan aka tsara ta yadda wanda ya hau ta ba zai ga kowa a gidan ba. Wasu kuma, har da wasu ƙananan na'urorin intanet na aljihu da suka yawaita a gidajenmu, suna da wani tsari na keɓe kowace na'ura daga 'yar'uwarta. In wannan tsari yana kunne, duk wani gyara da za a yi a cikin kwamfuta aikin banza ne. Haka nan kuma manhajar VPN takan karkatar da dukan zirga-zirgar kwamfuta zuwa waje, ta manta da maƙwabta, don haka sai a kashe ta yayin gwaji. Inda kebul ake amfani da shi, a duba fitilar da ke bakin ramin. In ba ta kama ba, a sauya kebul kafin a taɓa kome.

3.2 Adireshi

Kowace na'ura a gida tana da lamba wadda ake kira adireshin IP, kuma galibi rauta ce ke rabawa da kanta ta hanyar tsarin DHCP. Tun 1994 aka keɓe rukunoni uku na lambobi domin amfanin cikin gida: masu farawa da 10, da masu farawa daga 172.16 zuwa 172.31, da masu farawa da 192.168. A Windows ana ganin lambar da umurnin ipconfig, a Linux kuma da ip addr.

Abin dubawa shi ne ko lambobin biyu 'yan unguwa ɗaya ne. A yawancin gidaje ma'aunin unguwa shi ne 255.255.255.0, ma'ana sassa uku na farko su ne sunan unguwa, na huɗu kuma lambar gida, daga 1 zuwa 254. Alal misali, 192.168.1.7 da 192.168.1.20 maƙwabta ne. Amma 192.168.1.7 da 192.168.0.12 ba unguwarsu ɗaya ba, ko da kuwa suna kan tebur guda. Wannan yakan faru ne inda aka sayo rauta ta biyu domin ƙara ƙarfin Wi-Fi a ɗakunan baya, aka jona ta a bayan ta farko, ita ma ta shiga raba nata lambobin. Na'urorin da ke bayan ta biyu suna iya kaiwa ga na farko in an kira su da lamba, amma na farko ba sa iya shiga wurin na biyu. Magani shi ne a hana ta biyun raba adireshi, a mai da ita mashiga kawai.

In kuwa aka ga lamba mai farawa da 169.254, to kwamfutar ta nemi adireshi ba ta sami mai ba ta ba, sai ta raɗa wa kanta. Laifin yana ga rauta ko kebul ko Wi-Fi, watau a koma mataki na farko.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, rauta takan mutu ta tashi sau da yawa a yini, kuma wasu ba sa tuna lambar da suka ba kowa. Kwamfutar da ke 192.168.1.7 da safe sai ta koma 192.168.1.9 da yamma, gajeriyar hanyar da aka ajiye a baƙuwa ta daina aiki alhali ba wanda ya taɓa kome. Abin yi shi ne a shiga tsarin rauta a keɓe wa mai masauki lamba ta dindindin.

Ana gwada isa da umurnin ping, wanda Mike Muuss ya rubuta a 1983. A fara da kiran rauta daga kowace kwamfuta, sa'an nan a kira juna. Amsa tana nuna hanya a buɗe take. Shiru kuwa ba lalle ne ya nuna an toshe ba, domin katangar Windows takan ƙi amsa irin wannan kira matuƙar ba a kunna musayar fayil ba.

3.3 Suna da Ganuwa

A nan ne mutane suka fi rikicewa, domin sukan ɗauka cewa in kwamfuta ba ta fito a jerin maƙwabta ba, to ba a iya shigarta. Fitowa a jeri aiki ne daban, buɗe fayil aiki ne daban, kuma kowanne da manhajar da ke yin sa. Gwaji mai raba gardama shi ne a kira mai masauki da lambarta kai tsaye. A Windows a rubuta \\192.168.1.7 a layin adireshi na mai binciken fayil. A Mac da Linux a rubuta smb://192.168.1.7. In folda ta bayyana ko aka nemi kalmar sirri, to hanya da adireshi da ƙofa duk lafiya suke, saura batun suna kawai.

Dalilin yawan wannan matsala tarihi ne. A da, kwamfutoci suna shelar sunayensu ta tsarin NetBIOS na 1983, wanda bai yarda suna ya wuce harafi 15 ba, kuma ɗaya daga cikinsu takan zama mai riƙe da jerin sunayen unguwa. Wannan aikin riƙe jeri ya dogara ne a kan SMB ta farko, da aka cire ta sai ya bi ta. A yau Windows tana neman maƙwabta da tsarin WS-Discovery, Mac kuwa da Bonjour, mai ƙara .local a ƙarshen suna. Ke nan kwamfutar Linux mai Samba tana iya aiki sarai amma Windows ba ta nuna ta a jeri ba, sai an ɗora mata ƙaramar manhaja irin wsdd mai yin shela da harshen da Windows ke ji. Bugu da ƙari, tsarin HomeGroup da ya zo da Windows 7 a 2009 domin sauƙaƙa wannan aiki an cire shi daga Windows 10 a 2018. Duk bayanin da ya ce a neme shi ya tsufa. Har ila yau a kula kada kwamfutoci biyu su ɗauki suna guda, abin da yakan faru in mai gyara ya kwafi tsarin ɗaya ya zuba a ɗaya.

3.4 Ƙofa da Katanga

Kowane aiki a kwamfuta yana da ƙofa mai lamba. Tun daga Windows 2000 musayar fayil tana bi ta ƙofa ta 445, tsohon tsarin NetBIOS kuwa ta 137 da 138 da 139. Katangar tsaro ita ke yanke hukuncin ƙofar da za a buɗe, kuma Windows tana yin haka ne bisa ga matsayin da aka ba hanyar sadarwar. In an ɗauke ta a matsayin ta bainar jama'a, kamar ta otal ko filin jirgi, sai ta ɓoye kwamfutar ta rufe ƙofa. In ta gida ce sai ta sassauta. Windows 11 takan sa kowace sabuwar hanya a matsayin ta jama'a. Don haka wanda ya sauya rauta, ko ya sauya sunan Wi-Fi, kwamfutarsa za ta ɗauka ta zo baƙon wuri ta kulle kanta. Gyaran bai wuce a mai da matsayin hanyar zuwa na gida a mai masauki ba, a kuma kunna musayar fayil da firinta.

Ana tabbatarwa daga baƙuwa da umurnin Test-NetConnection a PowerShell, a ba shi lambar mai masauki da ƙofa ta 445. In ya ci tura, a duba ko akwai manhajar rigakafi ta wani kamfani, domin da yawansu suna zuwa da tasu katangar wadda ba ta bin umurnin ta Windows. Saƙon kuskure mai lamba 53, ko 0x80070035, yana nufin ba a sami hanyar ba, kuma galibi musabbabinsa yana cikin matakai huɗun da aka ambata zuwa yanzu.

3.5 Nau'in Ƙa'ida

A ranar 12 ga Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a duniya ta wata ɓaraka da ke cikin SMB ta farko. Tana shiga kwamfuta sai ta ƙulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, sa'an nan ta tsallaka zuwa maƙwabta ta ƙofa ta 445 ba tare da kowa ya danna kome ba. Hukumar 'yan sandan Turai ta ƙiyasta cewa ta taɓa kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, kuma asibitocin Ingila na cikin waɗanda abin ya fi yi wa ɓarna. Microsoft ya riga ya fitar da toshiyar ɓarakar tun watan Maris na shekarar, amma da yawa ba su ɗora ba. Daga ƙarshen 2017 aka fara janye SMB ta farko daga sababbin fitowar Windows 10, Samba ma ta kashe ta a tsarinta na asali a fitowar 4.11 ta 2019.

Sakamakon haka, na'urar da ba ta iya kome ba sai SMB ta farko ba za ta yi magana da sabuwar kwamfuta ba. A cikin irin waɗannan akwai Windows XP, wadda aka daina kula da ita tun 2014, da tsofaffin akwatunan ajiya, da tsofaffin rautoci masu ramin filas, da wasu firintoci masu tura hoton takarda zuwa folda. Abin da ya dace shi ne a nemi sabuwar manhajar na'urar daga kamfaninta, in babu a kwashe fayilolin a yi mata ritaya.

3.6 Shaida da Izini

In aka kai inda ake neman suna da kalmar sirri, an ci rabin yaƙi. Ƙa'idar a nan ita ce, sunan da kalmar da za a bayar na asusun da ke kan mai masauki ne, ba na baƙuwa ba. Ana yawan tuntuɓe a wurare huɗu. Na farko, tun zamanin Windows XP asusun da ba shi da kalmar sirri ba a yarda ya shigo ta hanyar sadarwa ba. Na biyu, gajeriyar lambar PIN da ake buɗe kwamfuta da ita tana aiki ne a kan na'urar kaɗai. Daga nesa cikakkiyar kalmar sirri ake bukata. Na uku, Windows takan adana tsohuwar kalma ta yi ta miƙa ta bayan an sauya, sai an goge ta daga ma'ajiyar shaidu. Na huɗu, ba ta yarda a shiga kwamfuta guda da sunaye biyu a lokaci guda ba, abin da ke haifar da kuskure mai lamba 1219, kuma umurnin net use * /delete yana warware shi. A Linux, Samba tana da nata kundin kalmomin sirri daban da na shiga kwamfutar, ana cika shi da smbpasswd.

Shiga a matsayin baƙo marar suna, wanda tsofaffin akwatunan ajiya suka dogara a kai, shi ma an ƙuntata shi. A fitowar 24H2 ta Windows 11 Pro a 2024 an toshe shi, aka kuma wajabta sa hannu a kan kowane saƙo domin kada wani ya sauya shi a hanya. Hanya mafi tsafta ita ce a buɗe asusu na musamman a mai masauki, mai kalmar sirri mai ƙarfi, domin musayar fayil kawai.

Bayan shaida sai izini, kuma ƙofofinsa biyu ne. Akwai iznin rabawa, akwai kuma iznin da ke kan foldar kanta a faifai mai tsarin NTFS. Wanda ya fi tsanani a cikinsu shi ke aiki. In rabawa ta ce a karanta a rubuta, faifai ya ce a karanta kawai, to karatu kaɗai za a yi. Kuskure mai lamba 5, watau an hana shiga, nan yake nuni, kuma albishir ne cewa dukan matakan baya sun yi daidai.

4.0 Matsalolin Bayan An Haɗu

Wani lokaci folda takan buɗe amma aiki ya ƙi daɗi. Game da nawa, a tuna cewa saurin hanya da bit ake auna shi, girman fayil kuwa da bayit, kuma bit takwas ke yin bayit ɗaya. Hanya mai megabit 100 ba za ta wuce megabayit 12.5 a daƙiƙa ba, mai gigabit ɗaya kuwa 125. Kebul ɗin Ethernet yana da silin waya takwas. Gigabit yana bukatar dukansu, megabit 100 kuwa huɗu sun ishe shi. Saboda haka in sili ɗaya ya tsinke, hanya tana iya ci gaba da aiki amma ta faɗo zuwa kashi ɗaya cikin goma na saurinta ba tare da wani gargaɗi ba. Tsawon kebul kuma kada ya wuce mita 100. A Wi-Fi, zangon 5 GHz ya fi na 2.4 sauri amma bai kai shi ratsa bango ba, kuma in duka kwamfutocin a iska suke, kowane saƙo sai ya je rauta ya dawo, watau tafiya biyu ke nan.

In babban fayil ya ƙi kwafuwa zuwa filas da aka jona a rauta, a duba ko tsarin faifan FAT32 ne, domin ba ya karɓar fayil da ya kai gigabayit 4. In haɗuwa tana yankewa, a duba ko mai masauki tana yin barci. Game da sunaye, Windows ba ta karɓar alamomi irin su : da ? da * a sunan fayil, alhali Linux tana karɓa, kuma Linux tana bambanta babban baƙi da ƙarami. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna wucewa lafiya a SMB ta biyu da ta uku domin da Unicode suke rubuta suna. In sun rikiɗe zuwa alamar tambaya, akwai tsohuwar na'ura ko tsohuwar manhaja a tsakani.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kowace alama tana da mazauninta. Lamba mai farawa da 169.254 tana nuna hanya, kuskure na 53 yana nuna abin da ke ƙasa da shaida, na 5 kuwa yana nuna izini. Mai bincike ya sauya abu ɗaya a lokaci guda, ya gwada, ya rubuta abin da ya gani, in bai yi amfani ba ya mai da shi yadda yake kafin ya ci gaba. In ta kama a kashe katanga domin gwaji, a yi na minti ɗaya a mayar.

Abubuwa uku ne ya kamata a guje musu ko da sun buɗe fayil nan take: barin katanga a kashe, farfaɗo da SMB ta farko, da buɗe ƙofa ta 445 a rauta zuwa intanet. Kana a tuna cewa foldar da aka ba kowa iznin rubutu a cikinta, manhajar fansa da ta shiga kwamfutar yaro ɗaya a gida tana iya ƙulle ta gaba ɗaya. Don haka raba fayil ba ya maye gurbin ajiye kwafi a faifan da ba a jone yake ba.

A ƙarshe, ana kira ga malaman da ke koyar da ilmin kwamfuta a kwalejoji da jami'o'i su riƙa sa ɗalibai su haɗa kwamfutoci biyu da hannunsu, malami ya ɓata mataki ɗaya da gangan, su kuma su nemo shi. Haka nan ana fatan masana harshe da ke wannan zaure za su dubi kalmomin da aka yi amfani da su a nan, irin su mai masauki da baƙuwa da katanga da ƙofa, su tace su, domin a sami daidaitattun kalmomi da za a rubuta littattafan koyarwa da su.